Dalilin da Ya Sa Waƙar Fari Ba Ta Tsufa a Kunnen Matasan Kadawa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, ya wuce Kura ya doshi Kwanar Gafan, ko kuwa ya ratse ya nufi Bunkure, zai ga abin da ba kasafai ake ganinsa a ƙasar Hausa a irin wannan lokaci ba, wato kore shar iyakar ganin ido, alhali sauran ƙasa ta bushe ƙamas. Wannan albarka ce ta madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, ruwanta yake gangarowa ta manyan magudanai yana rarrabuwa cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, inda Kadawa take, a ƙarƙashin kulawar hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da tumatir da alkama da albasa su ne dukiyar wurin, su ne kuma suke jawo samari 'yan ƙwadago daga nesa da kusa, masu dashe da masu yanka da masu bugu da masu lodin kwanduna. Galibin waɗannan samari kuwa ba ka raba su da ƙaramar waya a aljihu, ba ka kuma raba wayar da waƙar soyayya.

Abin da ya cancanci nazari a nan shi ne, idan mutum ya kasa kunne da kyau, zai tarar waƙoƙin da aka fi maimaitawa a bakin ruwa ba sababbin fitowa ba ne. Sabuwar waƙa takan yi tashenta na wata biyu ko uku, a ji ta a kowane gidan biki da kowane shagon caji, sa'an nan a goge ta daga memori domin a sami wurin wata; amma waƙoƙin da mawaƙi ya fara fitowa da su, tun ba a san fuskarsa ba, su ne ake canja waya a tafi da su, a kuma yi jayayya a kansu a inuwar mangwaro lokacin hutun azahar. Hukuncin da ake yankewa a irin wannan majalisa kusan kullum ɗaya ne: wane ya iya waƙa har yanzu, amma na farkon nan ya fi shiga rai.

Wannan ɗabi'a ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Amurka akwai wani salon kiɗa na matasa, mai garaya ta lantarki da ganguna masu sauri, wanda kalmominsa kusan duka kukan zuci ne na saurayin da aka yaudara ko aka ƙi. Wata ƙungiya mai suna Fall Out Boy, daga wajen birnin Shikago, ta fitar da albam ɗinta Take This to Your Grave a 2003 a hannun wani ƙaramin kamfani, ba ta kuma yi shuhura a duniya ba sai da wanda ya biyo baya a 2005. Duk da haka da yawa daga tsofaffin masoyanta na farkon suke fifitawa har gobe. Kayan kiɗansu da namu ba su haɗa hanya ba ko kaɗan, amma dalilin da ke sa a fifita aikin fari iri ɗaya ne, kuma a wurinmu yana da wani tushe na tarihi wanda su ba su da shi.

Tushen kuwa shi ne, waƙar baka ta Hausa tun asalinta waƙar ubangida ce. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗan Anace yana da Shago da sauran 'yan dambe, maharba da mahauta da maƙera kowa da makaɗansa, har manomi ma a ranar gayya yana da mai gangar noma a bayansa yana yi masa kirari don ya ƙara himma a kan kunya. Makaɗi a wannan tsari bakin wani ne, aikinsa ya ɗaukaka sunan wanda ya ciyar da shi, kuma ba a saba jin ya tsaya gaban jama'a yana bayyana ciwon zuciyarsa shi kansa ba. Bege mai zurfi, irin wanda yake sa hawaye, malamai ne suka riƙe shi, suka kuma keɓe shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ake gani a Imfirajin Aliyu Namangi da ƙasidun Ishiriniya. Soyayyar saurayi da budurwa tana nan a waƙoƙin dandali da gaɗa, amma a lulluɓe cikin habaici da wasa, domin kunya ba ta yarda a faɗe ta ɓaro-ɓaro ba.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa jerin abubuwa ne da suka biyo juna: finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a silimun Kano, sai littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, sai kuma fim ɗin Hausa na bidiyo da fiyanon Yamaha da situdiyo irin na Iyan-Tama suka fara aiki da shi. Wannan ƙaramar na'ura, wadda mutum ɗaya zai zauna a gabanta ya fitar da amon da ya yi kama da sarewa da goge da kalangu, ita ta raba mawaƙi da buƙatar tara 'yan amshi da makaɗa goma, ta kuma raba shi da buƙatar ubangidan da zai ciyar da su. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, da Ali Nuhu da Fati Mohammed, labarin ɗan sarauta da yarinya mai hidima a gidan sarki, waƙarsa ta riga fim ɗin isa ƙauyuka a kaset, kuma ana iya cewa ita ce albam ɗin fari na wannan zamani gaba ɗaya. Wanda ya saurare ta yau da kunnen gwani zai ji kiɗan siriri ne, ba shi da nauyin na yanzu. Amma magidantan da a lokacin suke samari masu koran tsuntsu a gonar shinkafa ba za su yarda a musanya musu ita da goma na bana ba.

Daga ƙarshen shekarun 2000 mawaƙa suka fara tsayawa da ƙafarsu, suna fitar da albam da sunansu, ba sai a cikin fim ba. A nan ne sunaye irin su Nura M. Inuwa na Kano da Umar M. Shareef na Kaduna suka cika wayoyi, daga baya kuma Hamisu Breaker, wanda Jaruma tasa ta game ƙasa a 2020 lokacin kullen annoba. Albam ɗin fari na irin waɗannan mawaƙa, ko wane ne a cikinsu, yakan zo da wasu siffofi da suke da wuyar maimaituwa.

Babbar siffar ita ce rashin ubangida. Yaron da ya tara kuɗin situdiyo da guminsa, ya shiga ya rera abin da ya shekara yana juyawa a ransa, ba shi da wanda zai faranta wa face zuciyarsa da yarinyar da yake nufi, saboda haka babu jerin sunayen alhazai a tsakiyar waƙar, babu gaisuwar mai girma wane, babu tallar kowa. Kuma matsalar da yake kuka a kanta ita ce ainihin matsalar mai sauraronsa: an fi shi kuɗi, iyaye sun ba wani, lefe ya gagara, an yi masa alkawari an saɓa. Saurayin da ya kwana yana ban ruwa a gonar da ba tasa ba, yana lissafin ko kuɗin tumatirin bana za su kai shi ga sadaki, alhali ya san kwando yakan faɗi warwas a Kwanar Gafan idan kaya suka yi yawa, ya kuma ga yadda tsutsa ta cinye gonaki ƙurmus a 2016, idan ya ji wannan kuka ba ya jin sa a matsayin labarin wani. Shi da mawaƙin a lokacin tsara ne, a shekaru da kuma a aljihu.

To, amma da zarar suna ya fito, sai tsohon tsari ya dawo ya karɓi ɗansa. Masu biki su kira a yi wa amarya da ango waƙa da sunansu, 'yan siyasa su kira lokacin zaɓe, sarauta ma ta kira, kamar yadda Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙar Sarkin Kano a 2018. Ban ga abin zargi a nan ba, domin waƙa sana'a ce, mai sana'a kuwa inda ake biya yake kai kayansa, kuma sau da yawa fasahar mawaƙi ƙaruwa take yi, ƙafiyarsa ta daidaita, muryarsa ta nuna, kiɗansa ya cika. Sai dai mutumin da yake hawa jirgi zuwa wasan Sallah a Yamai ko Akara, in ya ce talauci ya raba shi da masoyiya, mai dashen shinkafa zai ji daɗin karin, amma ba zai gaskata ba. Manoman tumatir sun san ɗiban fari ya fi na baya ƙwari da kyan ido ko da na bayan ya fi yawa, kuma da wannan ma'auni suke auna mawaƙansu.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya rabin gaskiyar, ko da masoya ba za su so jin ta ba: wani kaso na daɗin ba a cikin waƙar yake ba, a cikin mai sauraro yake. Ɗaliban zaure da suka karanta mawaƙan Jahiliyya sun san yadda Imru'ul Ƙaisi da takwarorinsa suke buɗe ƙasida da tsayawa a kufan masoyiya suna kuka, ba domin kufan yana da kyau ba, sai domin abin da ya taɓa kasancewa a wurin. Wanda ya fara jin waƙa yana ɗan shekara goma sha bakwai, a daren da ya fara zuwa zance, ya ɗaure ta da wannan dare har abada, kuma babu wani sabon albam, kome gwanintarsa, da zai iya yin takara da ƙuruciyar mutum. Shi ya sa za ka ji ƙane yana rantsuwa da waƙar da yayansa yake ganin lalacewa ce, kowannensu kuwa yana kare shekarunsa ne yana zaton fasaha yake karewa. Mas'alar halacci ko haramcin kiɗa fagen malamai ce, sun kuma yi saɓani a kanta tun da daɗewa. Amma shi shauƙi kansa ba baƙo ba ne a wurinsu, tun da Ibn Hazm na Andalus, babban malamin fiƙihu, ya wallafa littafi sukutum a kan so da alamominsa.

Akwai kuma haƙƙin da ya rataya a kan wannan sha'awa wanda ba a cika kula da shi ba. Yawancin waƙoƙin farkon nan a kaset da faifan CD suka fito, kamfanonin da suka buga su da dama sun rufe, kuma inda suka fi samun mafaka a yau shi ne kwamfutocin masu tura waƙa a kasuwannin Kura da Bunkure da makamantansu, sai abin da wani ya ɗora a YouTube. A zamanin Sangaya kuwa ɗan wasa ne yake motsa baki a fim, mai muryar yana ɓoye a situdiyo, don haka mai shagon caji yakan rubuta sunan jarumin fim a kan waƙar, ko sunan fim ɗin kawai. Mata da mazan da suka rera waƙoƙin, irin su Rabi Mustapha da Misbahu M. Ahmad da Fati Nijar, manya sun san su, amma yaron da aka tura wa waƙar jiya bai da hanyar sanin muryar wa yake ji, sai in ya tambayi wanda ya girme shi a gona.