Jajibiri a Kogin Brooks

Duk wanda ya taɓa neman motar gida ranar jajibirin ƙaramar Sallah zai gane abin da ke faruwa cikin watan Yuli a mafaɗar ruwan Brooks, a gandun dajin Katmai na jihar Alaska ta Amurka. Kifin salmon ne ke tururuwar komawa mahaifa. A ruwan daɗi aka ƙyanƙyashe su, suka gangara teku suka yi shekara biyu ko uku ana ci ana ƙiba, yanzu kuma suna bin ƙanshin ruwan garinsu. Tun da suka baro ruwan gishiri suka daina cin komai. Da bakin azumi ake tafiyar nan.

Tsayin mafaɗar bai kai mita biyu ba, amma ita ce ƙofar motar. A gindinta suke cunkushewa har ruwa ya yi duhu. Wannan ya yunƙura, ya bugi dutse, ruwa ya wurgo shi baya, ya kewaya ya huta, ya sake. Wancan kuwa tsalle ɗaya ya haye, ka ce ya san ɗan kamasho.

Inda ake turereniya ba a rasa 'yan sane. A nan beyar ne. Ƙato zai tsaya a leɓen mafaɗar, ƙafafu cikin ruwa, baki hangame, kifi ya kawo kansa. Wani yana zaune cikin kumfa a ƙasa yana lalube. Idan kifi ya wadata har tsirfa suke yi: su ci fata da ƙwaƙwalwa da ƙwai, inda maiƙo yake, su bar wa tsuntsaye saura. Ni dai ban ga laifinsu ba, hunturu na tafe, watanni za su yi a rami ba ci.

'Yan kallo ma layi suke bi. Babu titin mota zuwa wurin. Yawanci da ƙaramin jirgi mai sauka kan ruwa ake zuwa daga garin King Salmon, kuma in dandamalin katakon da ake tsayawa kallo ya cika, ma'aikata su rubuta sunanka ka jira.

Sai dai mai zuwa Sallah gida yana dawowa bakin aiki, su kuwa kifayen tafiyar ke nan. Jiki ya rine ja, kai ya koma kore. Macen ta tona tsakuwa da wutsiya ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, ta rufe. Ba a jima ba dukansu su mutu, gawarsu ta zama takin da ke ciyar da ƙananan halittun da 'ya'yan za su ci.