Buɗin Wasan Da Ba Ya Cikin Littafi: Darasi Daga Ches Da Dara

A shekarar 1980, a garin Skara na ƙasar Suwidin, zakaran duniya na wasan ches, Anatoly Karpov, ya zauna gaban ɗan Ingila Tony Miles a gasar ƙasashen Turai. Karpov ya tura sojan gaban sarki taki biyu, kamar yadda aka saba. Miles ya amsa da matsar da sojan can gefen allo taki ɗaya tak, motsin da masana ke ɗauka ɓata lokaci ne. A ƙarshe dara ta ci gida: zakaran duniya ne ya sha kaye.

Babban kundin buɗin wasan ches da aka fara bugawa a Belgrade a 1974 ya kasa hanyoyin farawa gida 500, daga A00 zuwa E99. Fitattun hanyoyi sun samu shafuka birjik, baƙin kuwa, irin su Grob da Sokolsky, an cusa su a gidan farko. Saboda haka wanda ya dogara ga hadda kaɗai, da zarar abokin karawa ya kauce wa littafi, sai ya rasa madafa, agogo kuma yana cin lokacinsa.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga 'yan dara a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda ake haƙa gurabu 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Kafin a fara tafiya, sai an gama jera 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan jeri ake gina nasara ko a rusa ta. Babu littafin da ake bi. Gwani yakan dubi inda baƙo ya ajiye ɗansa, ya gano layin ukun da yake ƙullawa, ya toshe shi tun kafin ya nuna.

Haka ya kamata ɗan ches ya yi. Da farko ya tambayi kansa: me wannan motsi ke hari, me kuma ya bari a buɗe? Sannan ya kama tsakiyar allo, ya fito da dawakai da sauran manyan 'ya'ya, ya killace sarkinsa. Babban haɗari shi ne raini, wato gaggawar hukunta motsin da ake gani wauta ne, alhali mai shi ya daɗe yana nazarin tarkunansa a gida. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan wasa, a sake jera allo, a nemo inda lissafi ya karkace. Wanda ya fahimci dalilin kowane motsi ba ya firgita idan littafi ya yi shiru.