Nishi-Shinjuku: Yadda Sabon Zango Ya Zama Unguwar Dogayen Benaye

A yammacin tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku da ke birnin Tokiyo, akwai wata unguwa da ake kira Nishi-Shinjuku, inda benaye da dama suka haura mita 200. A Japananci, "nishi" na nufin yamma, "shin" na nufin sabo, "shuku" kuwa masauki ne. Da aka haɗa kalmomi biyun ƙarshe, sai sautin "sh" ya rikiɗe zuwa "j", sauyin da masana harshen ke kira "rendaku". Shinjuku ke nan sabon zango, kuma sunan ya dace da tarihin wurin: a shekarar 1698 aka kafa shi a matsayin masaukin matafiya a kan hanyar Koshu, wadda ta tashi daga Edo, tsohon sunan Tokiyo.

Filin da benayen ke tsaye a yau, a da matatar ruwa ce mai suna Yodobashi, wadda ta fara shayar da birnin a 1898. Bayan yaƙin duniya na biyu, tsakiyar Tokiyo ta cika ta batse da ofisoshi da ma'aikata, don haka hukumomi suka tsara samar da wata cibiyar da za ta rage mata nauyi. Suka kira ta "fukutoshin", wato mataimakiyar tsakiyar birni. A 1965 aka rufe matatar, aka yanka filinta zuwa manyan filaye domin kamfanoni.

Sai dai samun fili bai wadatar ba, domin tun daga 1920 doka ta hana gini ya wuce kimanin mita 31. Girgizar ƙasa ta Kanto a 1923, wadda ta hallaka mutum fiye da 100,000, ta ƙara wa jama'a tsoron dogon gini. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Na farko, gyaran dokar gini na 1963 ya buɗe hanyar auna gini da yawan faɗin ɗakunansa idan aka kwatanta da filinsa, maimakon tsayinsa kawai. Na biyu, binciken injiniyoyi irin su Kiyoshi Muto ya nuna cewa dogon gini mai ƙashin ƙarfe, wanda ke lanƙwasa kamar gora a iska, ya fi jure girgiza a kan wanda ya sandare. Benen Kasumigaseki, mai hawa 36, shi ne zakaran gwajin dafi a 1968, ko da yake a wata unguwa yake.

A Nishi-Shinjuku, otel ɗin Keio Plaza mai hawa 47 ne ya buɗe fage a 1971. A 1974 benen Sumitomo mai mita 210 da na Mitsui mai mita 225 suka biyo baya. A 1991 gwamnatin birnin ta taso daga Marunouchi zuwa sabuwar hedikwatarta mai mita 243, wadda Kenzo Tange ya zana; a hawa na 45 akwai wurin hangen birni da ake shiga kyauta. Mazauna birnin kan kira irin waɗannan gine-gine "biru", gajeren "birudingu" da suka aro daga Turanci. Japananci kan cusa wasali tsakanin baƙaƙen kalmar aro, kamar yadda Hausa ta yi a "burodi".

Abin da ke raya unguwar shi ne tashar Shinjuku, wadda aka buɗe a 1885. Kafin annobar korona, fasinjoji fiye da miliyon 3 ke bi ta cikinta a kowace rana, adadin da ya sa ake lissafa ta a matsayin wadda ta fi kowace tasha cinkoso a duniya. Mafi yawan ma'aikatan benayen daga unguwanni masu nisa suke zuwa da safe, su koma da dare.

Ranar 11 ga Maris 2011 aka gwada wannan tsari. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a teku, kusan kilomita 370 daga Tokiyo. Babu benen da ya rushe a unguwar, amma dogayen sun yi ta rangaji na mintuna da yawa, saboda irin motsin ƙasa mai jinkiri da ke tafiya nesa ya yi daidai da yanayin lanƙwasarsu. Jiragen ƙasa suka tsaya, kuma gwamnati ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyon 5 a yankin babban birnin ba su iya komawa gida a wannan dare ba.

Daga baya an ƙara wa tsofaffin benaye na'urorin rage rangaji. A 2015 an kammala ɗora wasu manyan nauyaya shida a saman benen Mitsui, kowanne tan 300, waɗanda ke lilo saɓanin motsin ginin domin su rage shi. Birnin kuma ya kafa doka da ke neman kamfanoni su tanadi ruwa da abincin kwana uku, don ma'aikata su zauna a ofis maimakon su kwarara kan titi. Masana sun daɗe suna gargaɗin cewa babbar girgiza na iya aukuwa a ƙarƙashin Tokiyo kanta, kuma saboda wannan rana ake ci gaba da ƙarfafa benayen da suka haura shekara 50 a tsaye.