Cire Tawada da Ƙarfin Zaren Takarda

Tawadar allo ba ta da wuyar fita, domin gawayi ne da ƙaro, ruwa kuwa yana narkar da ƙaro. Ta ɗab'i ba haka take ba: da mai ake haɗa ta, in ta bushe sai ta kama zaren itacen da aka yi takardar da shi. Tun a 1774 wani Bajamushe, Justus Claproth, ya nuna ana iya wanke tsohuwar takarda a yi sabuwa da ita. To, wace asara zaren yake yi wajen wannan wanki?

A masana'anta akan jiƙa takardun, a dama su kamar kunu, a zuba soda da sabulu. Soda tana kumbura zaren har tawada ta sake shi. Sa'an nan a hura iska ta ƙasa. Ƙwayoyin tawada ba sa shiri da ruwa, sai su manne wa kumfa su taso, a kwashe su. Daga masu tace ma'adinai aka aro wannan dabara.

Sai dai kumfa ba ta da zaɓe. Tare da tawadar takan tafi da guntayen zare da farar ƙasar da ke sa takarda santsi. Idan kuwa aka wanke kunun a kan rariya, asarar ta fi haka. Har ila yau soda tana mai da zaren jarida rawaya, saboda sinadarin liginin da ke cikinsa, dole a bi shi da maganin farantawa. Tawadar injin kwafi na ofisoshi tana da taurin kai, don roba ce aka narkar a kan takarda, sai an murje ta kafin ta ɓare.

Amma bai kamata a ɗora wa wanki laifin raunin zare duka ba. Babban dalili shi ne bushewa. Duk lokacin da zare ya bushe, ƙofofin jikinsa sukan rufe, ya ƙi shan ruwa kamar da, ya kasa riƙe ɗan'uwansa. A 1944 masani Jayme ya kwatanta wannan tauri da na ƙaho. Abin ya fi taɓa zaren farar takardar rubutu, wanda aka dafa da sinadari, fiye da na jarida. Shi ya sa akan surka kunun da sabon zare. Masu yin kwali kuwa, da yake fari bai dame su ba, galibi ba sa cire tawada sam.