Bututun Birki Ba Ya Karɓar Faci

Akwai wata dabara da wasu garejin Bauchi suka mayar gwaninta. Tsohuwar a-kori-kura, Hilux ko Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, za ta shigo man birki na ɗiga daga bututun da tsatsa ta cinye. Maimakon a sauya shi, sai bakanike ya lanƙwashe bakinsa ya daddake da guduma, ko ya cusa ƙusa ya toshe hanyar ƙafar. "Maigida, sauran ƙafa uku sun isa," in ji shi. Direba ya biya, ya yi lodi a kasuwar Muda Lawal, ya kama hanya.

Wallahi ba su isa ba. Idan aka taka birki da ƙarfi, matsin da ke cikin siririn bututun nan kan ninka na iskar taya sau ashirin ko fiye, kuma an tsara shi ne ya rarrabu ga ƙafafu huɗu, dama da hagu daidai wa daida. Da zarar an kashe guda, gefe ɗaya zai kama fiye da ɗayan, motar ta fizgi sitiyari ta nufi gefen da ke da rai. A cikin gari, da gudun kilomita 30 ba kaya, direba zai iya cewa lafiya lau. Gwajin gaskiya yana gangarowa daga Jos ta Toro da Nabordo, da buhunan dankali har saman ƙarfe. Ƙafa ukun nan su ɗauki zafin ƙafa huɗu, mai ya tafasa, feda ta nutse har ƙasa. Masu naɗe wurin da robar tsohon tub kuwa, ko su liƙe da gam, tun takun farko matsin ke yage facinsu.

Ga wani abin haushi kuma: zuba ruwan omo a madadin mai. Ruwa na tafasa a digiri 100, sabon mai mai lamba DOT 3 kuwa sai ya kai 205, DOT 4 kuma 230. Ruwan yana kuma cin bututun ta ciki, inda ido ba ya gani.

Tsatsar ma wasu motocin da ita suke zuwa. A Turai da Amurka ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa 'yar Kwatano kan iso jiki na sheƙi, ƙasa a zagwanye. Taɓon Agusta da lodin takin zamani su ƙarasa aikin.

Gyaran ba tsada gare shi ba. A sa mota a rami, a bi bututun da fitila tun daga tukunyar mai har ƙafafun baya, musamman saman tanki da wajen maƙalai, inda laka ke kwana. Wurin da ya kumbura ko yake ɓamɓarewa ya gama aiki, kuma a cire tsawon gaba ɗaya daga mahaɗa zuwa mahaɗa, domin tsatsa ba ta cin wuri guda. A sayi bututun birki na ainihi, na ƙarfe ko na haɗin tagulla da nikel. Na firij da na na'urar sanyaya ɗaki zallar tagulla ne, girgizar hanya tana tsaga shi. A lanƙwasa sabon bisa siffar tsohon ba tare da ya karye ba, a buɗa bakinsa ninki biyu da abin aikin da aka yi don haka, ba da ƙusa ba. Daga nan a zuba mai daga sabuwar gora, a fitar da iska ƙafa bayan ƙafa, galibi ana farawa da wadda ta fi nisa da tukunya.

Kafin a biya kuɗin aiki, direba ya danne feda da ƙarfi na rabin minti, yaron gareji na leƙen mahaɗai. In ta riƙa sauka a hankali, akwai sauran yoyo, motar ta koma rami.