Sili Ɗaya Ƙwale: Yadda Ake Tsara Gasar Da Ba A Ramawa

Duk wanda ya taɓa haɗa gasar ƙwallo tsakanin matasan Abakpa da na Unguwar Shanu ko Unguwar Kanawa ya san fili ba ya isa, hutu gajere ne, kuɗin alƙalin wasa kuma sai an yi karo-karo. Shi ya sa ake yawan komawa ga tsarin sili ɗaya ƙwale: da an ci ka, sai gida.

Kowane wasa yana fitar da ƙungiya ɗaya, saboda haka ƙungiyoyi 16 wasa 15 kacal za su buga a sami zakara: takwas a zagayen farko, sai huɗu, sai biyu, sai na ƙarshe. Da gida da waje za su yi kamar a firimiya, wasa 240 ke gabansu.

Rigima tana tasowa ne idan adadin bai cika 8 ko 16 ko 32 ba. A ce ƙungiyoyi 13 suka yi rajista. Dole 10 su kara, biyar su haye, su tarar da uku da suka wuce ba su taka leda ba. To, su wane ne ukun nan? Idan kwamiti ya zaɓe su a ɗaki, ko da gaskiya ya yi, sai an ce ƙungiyar ɗan'uwan shugaba aka ɗaga. A ganina a jefa ƙuri'a gaban kyaftin-kyaftin, a manna jadawalin inda kowa zai ga wanda zai iya haɗuwa da shi har wasan ƙarshe. Sai dai ƙuri'a zalla tana da illa: takan haɗa gwanaye biyu tun ranar farko, ɗaya ya tafi, 'yan kallo su ragu. A gasar tanis ta Wimbledon ana raba na ɗaya da na biyu, kowa da ɓangarensa, ba za su gamu ba sai a ƙarshe. Mu ma za mu iya raba zakaran bara da wanda ya zo na biyu.

Canjaras ba shi da gurbi a nan, sai ƙarin lokaci ko bugun fanareti. Haka Kaduna United ta ɗauki Kofin Ƙalubale, wanda aka fara tun 1945, a 2010 bayan ta tashi 3-3 da Enyimba. Kano Pillars kuwa ta ɗanɗani zafin tsarin a 2018: tana gaba da Rangers ci uku ba ko ɗaya, aka farke, aka doke ta 4-2 a bugun fanareti. Shekarar da ta biyo baya, a filin wasa na Ahmadu Bello nan Kaduna, ta tashi babu ci da Niger Tornadoes, ta ɗaga kofin da fanareti.