Daga gida tara zuwa gida talatin: wasan ƙofar gida a Garwa

Duk wanda ya taɓa cin watan Afrilu a Garwa ya san sai bayan la'asar ake iya fitowa, don zafi kan haura digiri 40. Lokacin ne kuma rigima ke tashi a gidajenmu: maigida ya dawo daga babbar kasuwa, yara sun yi masa caa, kowa na son waya.

Akwai wasan da yaranmu ke yi a bayan littafin makaranta, wanda a Faransanci ake kira morpion: gida tara, wanda ya jera uku ya ci. Fito da shi waje bai kai kuɗin kofin shayi ba. A share ƙarƙashin darbejiya, a ja layi biyu a tsaye biyu a kwance, a ba wannan marafan kwalba biyar, wancan tsakuwa biyar. Shi ke nan.

Sai dai wasan ba ya nisa. Da zarar yaro ya gane amfanin gidan tsakiya da kusurwoyi, kullum canjaras za a tashi, ya koma neman waya. Nan ne ya kamata a ɗauko masa dara, wadda iyayenmu suka taso da ita a Katsina da Maraɗi.

Bokiti ɗaya na yashin Binuwai ya isa. A baza shi, a yayyafa ruwa, a danna gindin ƙaramar kwalba a fitar da gurbi talatin, layi biyar mai gida shida-shida. Kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wani ƙwallon dabino, wani guntayen kara. Da farko ana zubawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin zubi ba. In an gama sai tafiya: gida ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku, ka ɗauke ɗa guda na abokin wasa. Huɗu a jere ba ci ba ne, kuma a nan ne masu garaje ke faɗuwa.

Abin da ya fi burge ni ba wasan ba ne, bakin da ake yinsa da shi. Yaran da aka haifa a Yelwa ko Rumde Ajiya, Fulatanci suke yi a layi, Faransanci a aji, Hausa sai in an aike su. Amma a gaban dara za ka ji yaro na cewa, “Kawu, ka ɗaga hannu, tafiya ta zauna!” tsoho kuwa na rantsuwa bai saki ba.

Ka'ida takan bambanta daga gari zuwa gari, musamman kan ko ana iya cin ɗan da ke cikin jerin uku, don haka a daddale kafin a zuba. In kuma akwai mai rarrafe a gidan, a kwashe marafai da ƙwallayen a zuba a gwangwani bayan an tashi.